Kogin da Ke Kawo Ruwa Sau Biyu a Rana: Yadda Masunci Ke Lissafin Fita a Rassan Bakin Teku

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara, wajen Yawuri ko Ilo, ya san kogi da cika alƙawari. Farin ruwa yakan zo da damina, daga Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka. Baƙin ruwa kuma, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa. Tsakanin waɗannan biyu, inda ka ɗaure kwale-kwale da dare nan za ka same shi da safe, ruwan ma yana inda ka bar shi. Masunci a can da watannin shekara yake lissafi.

Sarkawa da sauran masunta Hausawa sun daɗe suna bin kogin nan kudu neman kifi. Wanda ya gangara ya wuce Lakwaja, ya wuce Anacha, har ya kai inda Kwara ya rarrabu ya zama rassa barkatai kafin ya faɗa teku, sai ya tarar da wani kogi da bai saba da shi ba. A kogin Boni da ke hawa zuwa Fatakwal, da bakin kogin Kuros da ke kai mutum Kalaba, ruwa yana kawowa sau biyu a kwana ɗaya, yana janyewa sau biyu. Da safe ka ga yana gangarawa teku kamar kowane kogi, da yamma ka ga ya juyo yana hawa tudu. Gwanintar jifan birgi da iya tuƙi duk suna da amfani a nan, amma ba su ne ke raba mai samu da marar samu ba. Abin da ke raba su shi ne sanin lokacin fita da lokacin komawa.

Na koyi wannan a wani ƙaramin reshe da ke fita daga kogin Boni, shekarar da na je wurin kawuna wanda ya daɗe yana su a can. Ni da ɗansa muka shiga reshen bayan sallar asuba. Ruwa ya cika maƙil, har ya shige cikin saiwoyin itatuwan nan na ruwan gishiri da mutanen wurin ke kira angala. Kifi na faɗawa birgi, muka yi ta kutsawa ciki. Hantsi na yi sai muka lura ruwan ya fara gudu ta ƙarƙashinmu. Kafin mu juya mu kai rabin hanya, cikin jirgin ya zauna daram a kan taɓo. Taɓon wurin baƙi ne, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ka sa ƙafa sai ka nutse har cinya. Muna zaune muna kallon ƙaguwa masu babban hannu ɗaya suna fitowa daga ramukansu, da wasu ƙananan kifaye masu idanu a saman ka suna tsalle a kan lakar, rana kuma tana dukan kifin da muka kama. Sai bayan azahar ruwa ya dawo ya ɗaga mu. Fiye da rabin kamun ya lalace, ko banda ba zai yi ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: “Ɗana, yau nawa ga wata?” Na ce, “Sha shida, Kawu.” Ya ce, “To, ai da ka duba wannan kafin ka duba koma.”

Maganarsa ita ce ginshiƙin al’amarin, kuma ita ce abin da nake ganin Bahaushe ya fi kowa sauƙin kamawa, domin mu mutane ne masu ƙirga kwanan wata. Wanda ya san ranar tsayuwar wata da ranar cikarsa saboda azumi da salla, ya riga ya riƙe rabin ilimin wannan ruwa a kansa, sai dai bai sani ba.

Ga yadda abin yake. Wata yana jan duniya, amma janyawar ba ta zama daidai a ko’ina ba. Ruwan tekun da ke fuskantarsa ya fi jin jan, sai ya tasa. Ruwan da ke ɗaya bayan duniyar shi ne mafi nisa, jan bai kai masa sosai ba, sai a bar shi a baya, shi ma ya tasa. Tudun ruwa biyu ke nan, duniya kuma tana juyawa ta ratsa su, shi ya sa cikowar take zuwa sau biyu. Da wata a tsaye yake wuri ɗaya, da kullum lokaci guda ruwan zai riƙa cika. Amma shi ma tafiya yake yi, kowace rana yana matsawa gaba, don haka sai duniya ta ƙara kusan minti 50 kafin ta sake fuskantarsa. Ranar ruwa awa 24 ce da minti 50. Tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, tsakanin cika da janyewa kuma awa shida da ɗan ɗoriya. Idan yau ruwa ya cika ƙarfe biyar na asuba, gobe sai wajen shida saura, jibi wajen bakwai saura. Wannan jinkirin shi ne dai wanda muke gani a fitowar wata, da kullum yake makara a kan jiya. Masuncin da ya ce shi kullum bayan asuba yake fita, yau zai tarar da ruwa a cike, bayan mako guda ya tarar da taɓo a daidai wannan lokacin.

Rana ma tana ja, sai dai ƙarfinta a kan teku bai kai rabin na wata ba saboda nisanta. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, wato a ƙarshen wata zuwa tsayuwar sabo, da kuma lokacin cikarsa, sai jan ya haɗu. A nan ne ake babban ruwa: ya cika fiye da kullum, ya janye fiye da kullum, ya yi gudu mai ƙarfi a tsakani. Teku takan makara da kwana ɗaya ko biyu wajen amsawa, don haka a lissafin Hijira babban ruwa ya fi ƙarfi wajen 1 zuwa 3 ga wata, da kuma 15 zuwa 17, daf da kwanakin nan uku da ake azumin nafila a tsakiyar wata. Idan wata ya zama rabi, wajen 8 zuwa 9 da 23 zuwa 24, rana tana ja gefe, wata yana ja wani gefen, sai a yi ƙaramin ruwa: ba ya cika sosai, ba ya janyewa sosai, tafiyarsa a hankali. Akwai kuma watannin da babban ruwan ya fi na sauran girma, musamman wajen Maris da Satumba, ko idan cikar wata ta dace da kusantowarsa, domin nisansa daga duniya yana sauyawa tsakanin kilomita kusan 360,000 da fiye da 400,000.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sa’a da kwanan wata suke ɗaure da juna. A gaɓar tekun wannan yanki, cikar babban ruwa takan faɗo wajen asuba da kuma tsakanin la’asar da magariba, janyewarsa kuma kusa da tsakar rana da tsakar dare. A kwanakin ƙaramin ruwa sai abin ya juye, ya cika kusa da tsakar rana. Ranar 16 ga wata da muka maƙale, ba wani abin mamaki ne ya faru ba. Haka ruwan ya yi 16 ga watan da ya wuce, haka kuma zai yi 16 ga mai zuwa.

Girman hawa da saukar ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Legas kusan mita ɗaya ne. Yana ƙaruwa yayin da ake yin gabas, har a Kalaba ya kai kusan mita uku a babban ruwa, domin bakin kogin Kuros faffaɗa ne yana tsukewa ciki kamar mazurari, ruwan da ya shigo sai ya rasa wurin bajewa ya hau sama. Mita uku ta fi tsayin mutum da hannunsa a miƙe. Wanda ya ɗaure jirgi da gajeriyar igiya a irin wannan wuri lokacin da ruwa ya cika, zai dawo ya tarar da gabansa a rataye. Wanda ya ɗaure gajere lokacin janyewa kuma, igiyar za ta danne bakin jirgin ruwa ya shiga.

Ruwan kuma ba ya tafiya da sauri iri ɗaya cikin awa shidan nan. Matuƙan jiragen ruwa suna da wani lissafi mai sauƙi: a raba tsayin gida 12. Awar farko ruwa yana motsa gida ɗaya, ta biyu gida biyu, ta uku gida uku, ta huɗu uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. Idan tsakanin cika da janyewa mita 2.4 ne, awar farko santimita 20 kawai zai sauka, har ka ɗauka bai motsa ba. A awa ta uku da ta huɗu kuwa zai sauka mita 1.2, rabin ruwan gaba ɗaya cikin awa biyu. Tarkon ke nan. Mutum ya ga awa guda ta wuce ruwa yana nan, ya saki jiki, sai a tsakiya ƙasa ta fito masa lokaci ɗaya. Mafi muni shi ne jirgi mai nauyi ya hau tudun yashi a daidai ƙololuwar babban ruwa lokacin da kwanakinsa suka fara raguwa. Cikar gobe ba za ta kai ta yau ba, ta jibi ba za ta kai ta gobe ba, yana iya zama nan kusan mako biyu in ba a taru an ja shi ba.

To, wane ruwa ne na kifi? Amsar ta dogara da kayan da ke hannunka, amma abu ɗaya ya haɗa su: kifi ya fi cin abinci idan ruwa yana motsi. Cikowa na shiga cikin saiwoyin angala, ƙananan kifaye da jatan lande su bi ta su shiga kiwo, manya su biyo su. Idan ruwa ya juya, dole duk abin da ya shiga ya fito ta bakin ƙananan rassa, a nan manyan kifaye ke tsayawa jira, a nan kuma mai hankali yake tsayawa. Masu tare bakin reshe da raga suna kafa ta ne lokacin da ruwa ya cika, su kwashe idan ya janye, kuma babban ruwa ya fi musu riba tunda ya fi shiga lungu. Matan da ke tsintar ƙananan katantanwa a kan taɓo da masu ɓamɓare kawa daga saiwoyi su ma babban ruwa suke jira, amma janyewarsa, lokacin da fili ya buɗe sosai. Mai mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, shi ƙaramin ruwa ya fi masa. Gudun babban ruwa yana ɗaga ƙugiyoyin daga ƙasa, ya lulluɓe su da ganye da leda, wani lokaci ya tsinke igiyar. Mai birgi kuma yakan samu a farkon cikowa, lokacin da ruwa ke malalowa kan fili kifi na biye da bakinsa. Ɗan lokacin da ruwa ke tsayawa cik kafin ya juya, kifi ba ya cika ci, amma shi ne lokacin ɗaga raga da cire ƙugiyar da ta maƙale ba tare da kokawa da ruwa ba.

Hasken wata wani zance ne dabam da jansa. A farin wata kifi na ganin raga, musamman a ruwa mai haske, ya kauce. A duhun wata ragar ta fi kamu, masu kunna fitila don tara kifi ma a nan suke samu. Babban ruwa na tsayuwar wata da na cikarsa ƙarfinsu kusan ɗaya, amma ɗaya da duhu yake zuwa, ɗaya da haske, don haka ga mai raga da dare ba ɗaya ba ne.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, wannan lissafi ya koma lissafin aljihu kai tsaye. Jirgin da ya fita da janyewa ya dawo da cikowa, ruwa ne ke ɗaukarsa zuwa da dawowa, injin taimako kawai yake yi. Wanda ya saɓa, zai ƙone mai yana fama da ruwa a duka tafiyoyin biyu. Sannan ga masu sayen kifi da ke jira a mashigi. Kifin da ya iso da sassafe da wanda ya iso bayan rana ta dake shi ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma ba kowane mashigi ne jirgi ke iya isa bakinsa idan ruwa ya janye ba.

Duk wannan rabin da wata ke riƙe da shi ne, rabin da ake iya rubutawa tun shekara ba ta kama ba. Hukumar binciken ruwa ta Najeriya tana fitar da jadawalin cika da janyewa na tashoshin ƙasar, akwai kuma manhajojin waya da ke nuna shi. Suna da amfani ƙwarai, amma lissafin bakin teku da manyan tashoshi suke bayarwa. Cikowa tafiya take yi, tana buƙatar lokaci kafin ta hau kogi. Reshen da ke can ciki yakan cika bayan bakin teku da awa ɗaya ko fiye, kuma da yake kogi na turowa daga sama, cikowar takan gajarce, janyewar ta yi tsawo. Manhajojin nan sukan ƙara da zanen kifi a kan wasu sa’o’i, wai su ne na kamu, bisa wani tunani da Ba’amurke John Alden Knight ya fito da shi a 1926. Ni dai ban ba wannan zanen muhimmanci ba. Lambar da ke gaya maka tsayin ruwa da lokacin juyawarsa ita ce abin riƙewa.

Ɗaya rabin na sama ne da na kogi, kuma shi ne ba ya shiga jadawali. Boni tana samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, ninki huɗu ko fiye na abin da Kano ke samu. Ƙara da ambaliyar Kwara da Binuwai da ke isa yankin wajen Oktoba. A wannan lokaci ruwan daɗi yana ture gishiri zuwa teku, janyewa ta yi ƙarfi da tsawo, ruwa ya yi laka, kuma ba ya sauka inda jadawali ya ce zai sauka. A shekarun babbar ambaliya, kamar 2012 da 2022, rassan da ke shan ruwa kai tsaye daga Kwara sun fi jin kogi a kan teku. Kifi ma yana bin gishirin. Da rani ruwan teku na hawa can ciki, kifin teku da ake kira bonga ya shigo bakin koguna da yawa, shi ya sa kakarsa ta fi ƙarfi a watannin rani. Da damina kuma kifin ruwan daɗi ne ke gangarowa, irin tarwaɗa da karfasa da muka sani a gida. Ko ba ka ɗanɗana ruwan ba, ciyawar nan mai yawo a kan ruwa da muke haɗawa da kainuwa za ta gaya maka: in ka gan ta kore shar tana tafiya, ruwan daɗi ne ke mulki, gishiri na shigowa sai ta yi baƙi ta mutu.

Iska ita ce abin tsoro, kuma a nan nake so a tsaya da kyau. Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso yamma tana busowa daga teku da manyan raƙuman ruwa. A bakin kowane kogi akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Idan janyewa na fita da ƙarfi, raƙuman teku na shigowa, suka haɗu a kan wannan tudu, sai ruwa ya miƙe tsaye, gajeru masu tsini, masu karyewa. Wurin da aka wuce lafiya da cikowa yana iya kifar da jirgi bayan awa uku kacal. Mafi haɗari shi ne janyewar babban ruwa cikin damina, lokacin da kogi ma ke turowa. Masu sanin wurin suna ƙetare bakin ne a ƙarshen cikowa, lokacin da ruwa ya yi zurfi kuma yana tafiya tare da raƙuman. In lokacin ya kuɓuce musu, su jira na gaba ko da awa goma sha biyu ne. Ko a cikin kogi ma dokar ɗaya ce: iska da ruwa in suna tafiya tare, fuskar kogi a kwance take, in suka yi gaba da gaba sai ta murtuke.

Sai hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wajen Maris zuwa Mayu da kuma Oktoba. Kamar a arewa, daga gabas yake tasowa, baƙi ƙirin, iska mai sanyi a gaba, ruwa a baya. Wannan Bahaushe ya san shi tun yana yaro, bambancin kawai shi ne a tsakiyar bakin kogin da faɗinsa ya kai kilomitoci babu bishiyar fakewa, ga tsawa. Ganin ya haɗo, a nufi gaɓa ko a shige ƙaramin reshe, in akwai ruwan shiga. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi har da na teku, sauraronsa kafin fita ba ya cin komai, haka ma sa rigar kariya. Hunturu kuwa yakan kwantar da teku, amma ya kawo hazo a Disamba da Janairu. Da safe gaɓa ta ɓace, rassan su yi kama da juna, ga manyan jiragen dakon iskar gas da na kaya da ke bin hanyar Boni zuwa Onne da Fatakwal, waɗanda ba sa iya kauce wa kwale-kwale ko da sun gan shi.

Kawu ba ya karanta jadawali. A mashiginsu ya kafa wata doguwar sanda cikin taɓo, ya yi mata tsaga uku da wuƙa: ɗaya inda babban ruwa ke kaiwa, ɗaya inda ƙarami ke tsayawa, ɗaya can ƙasa, iyakar da in ruwa ya sauka ya wuce ta jirginsa ba zai fita daga reshen ba. Da magariba in ya idar da salla sai ya duba yamma ko gabas ya ga inda wata yake, ya leƙa sandar, ya tsaya ya ji daga ina iska take. Da na tambaye shi yadda baƙo zai koya, ya ce in sami littafin rubutu in yi wata guda ina rubuta kwanan wata da lokacin da ruwa ya juya a mashigin da nake, ba a wani wuri ba. Na yi hakan. A wata na biyu lokutan suka riƙa maimaita kansu, bambancin bai kai awa guda ba. Da Oktoba ta zo, ruwa ya yi makonni bai sauka ya taɓa tsagar ƙasa ba, Kawu ya ce in buɗe sabon shafi in rubuta masa damina a sama.